Tsarin Halittar Hanta da Hanyoyin Kula da Cututtukanta

Hanta ita ce mafi girma a kayan cikin ɗan Adam. A jikin baligi nauyinta yakan kai kilo ɗaya da rabi, wato kusan kashi 2 cikin ɗari na nauyin jiki. Mazauninta saman ciki ne ta dama, ƙarƙashin tantanin da ya raba ƙirji da ciki. Haƙarƙari ya rufe mafi yawanta, wani siririn gefe nata kuma ya tsallaka hagu ya kwanta a kan tumbi. Shi ya sa hannun likita ba ya cika taɓo lafiyayyar hanta, sai dai bakinta na ƙasa idan mutum ya ja dogon numfashi. In aka ji ta a fili ƙasa da haƙarƙari, musamman in ta yi tauri ko gudaji-gudaji, to akwai abin bincike.

Abubuwa biyu a halittarta su ne ke sa cututtukanta su daɗe ba a sani ba. Na farko, naman hanta kansa ba shi da jijiyoyin jin zafi. Suna jikin siririn tantanin da ya lulluɓe ta ne, wanda ake danganta shi da Francis Glisson, likitan Ingila da ya wallafa littafi a kan hanta a 1654. Sai ta kumbura ta miƙe wannan tantani, ko ƙari ya cim masa, sannan mutum ke jin ciwo. Na biyu, an hore mata ƙarfin da ya wuce bukatar yau da kullum, ga kuma baiwar sake tofowa. A 1931 Higgins da Anderson sun nuna cewa idan aka yanke kashi biyu cikin uku na hantar ɓera, ragowar kan girma ta mayar da abin da aka cire cikin makonni kaɗan. A ɗan Adam ma likitan fiɗa kan cire kusan kashi 70 cikin ɗari na lafiyayyar hanta, mutum ya rayu. Wannan rarar ƙarfi ita ce ke sa mutum ya shekara 20 ko 30 cuta na cin hantarsa, yana zuwa gona yana zuwa kasuwa, har ranar da ragowar za ta gaza. Mafi yawan nasarar da ake samu a kan cututtukan hanta ta dogara ne ga gano su a cikin waɗannan shekaru.

Sassan hanta

Idan aka dube ta ta gaba, hanta ɓari biyu ce, babba a dama, ƙarami a hagu, wani tantani mai ɗaure ta da bangon ciki ya raba su. Ta ƙasa da baya akwai wasu ƙananan ɓangarori biyu. A tsakiyar fuskarta ta ƙasa ƙofar hanta take, inda jijiyoyin jini biyu ke shiga, bututun ruwan matsarmama ke fita. Ita matsarmamar tana manne a wani ɗan kwari ƙarƙashin ɓangaren dama.

Wannan rabo na ido bai amfani likitan fiɗa ba, domin jijiyoyin da ke ciki ba shi suka bi ba. James Cantlie ya nuna a 1897 cewa ainihin iyakar dama da hagu tana kan layin da ya taso daga mazaunin matsarmama ya nufi babbar jijiyar da ke mayar da jini zuciya. Claude Couinaud, likitan fiɗa ɗan Faransa, shi ya ƙarasa aikin a littafinsa na 1957, bayan ya yi ta ɗura sinadari mai daskarewa a jijiyoyin hantar gawarwaki yana nazarin rassansu. Ya raba hanta sashe takwas. Na ɗaya yana baya, na biyu zuwa na huɗu su ne hagu, na biyar zuwa na takwas dama. Kowane sashe yana da nasa reshen jijiyoyin jini da nasa bututun ruwan matsarmama, tamkar gidan gandu mai sassa takwas, kowanne da ƙofarsa da magudanarsa, ana iya rushe ɗaya ba tare da an tashi sauran ba. A kan wannan taswira ake yanke sashen da ƙari ya fito a bar saura, a kanta kuma ake ɗebo sashe na biyu da na uku daga hantar uwa ko uba a dasa wa ɗansu.

Jini da ruwan matsarmama

Ta hanya biyu jini ke shigo wa hanta. Kimanin kashi 75 cikin ɗari yana zuwa ta jijiyar ƙofa, wadda ke tattaro jinin hanji da tumbi da saifa. Sauran kashi 25 yana zuwa ta wata jijiya mai bugu da ta taso daga babbar jijiyar zuciya, shi ne mai wadatar iskar oksijin. Jimillarsu kusan lita ɗaya da rabi ce a minti guda, wato rubu'in abin da zuciya ke turawa. Bayan ya ratsa naman hanta, jinin kan fita ta jijiyoyi uku ya koma zuciya.

Ke nan mafi yawan abin da hanji ya tsotsa, abinci ne ko magani ko guba, hanta ce ke fara karɓarsa, haka ma ƙwan tsutsa da ƙwayoyin ciwon dajin hanji. Jijiyar ƙofa kuma ba ta da marufan da ke hana jini komawa baya. Idan hanta ta yi tauri ta ƙi ba shi hanya, sai ya ja da baya, ya cika saifa, ya nemi wasu ƙananan jijiyoyi a ƙasan bututun abinci da gefen cibiya da dubura. Ba a halicce su don wannan nauyi ba, kuma na bututun abinci su ne ke fashewa su kawo aman jini.

Ruwan matsarmama, wanda hanta ke samar da rabin lita zuwa lita ɗaya nasa a rana, yana bin bututai ne da ke haɗuwa a ƙofar hanta su zuba a farkon ƙaramin hanji. Shi ke taimakawa wajen narkar da maiƙo, shi kuma ke fitar da bilirubin, launin da ke fitowa daga tsofaffin jajayen ƙwayoyin jini bayan sun cika kwana 120 nasu.

Abin da madubin likita ke nunawa

A ƙarƙashin madubin likita, naman hanta ƙananan curarraki ne masu kusurwa shida. Kowanne da jijiya a tsakiya, a kusurwoyi kuma reshen jijiyar ƙofa da na jijiya mai bugu da na bututun matsarmama suna tafiya tare. Jini kan gangaro daga kusurwa zuwa tsakiya ta wasu siraran hanyoyi masu ƙananan huji, yana wanke ƙwayoyin hanta kai tsaye. Waɗannan ƙwayoyi su ke yin albumin, furotin ɗin da ke riƙe ruwa a cikin jijiya, da galibin sinadaran daskarar da jini. Su ke ajiye sukari su sake shi lokacin azumi ko yunwa, su mayar da amoniya yuriya don ƙoda ta fitar, su sarrafa magunguna. Waɗanda ke kusa da tsakiya su ne na ƙarshe a samun oksijin, su ne kuma suka fi aikin sarrafa guba, don haka su ke fara mutuwa idan farasitamol ya yi yawa ko jini ya yi ƙasa.

Akwai ƙwayoyin Kupffer, masu cinye ƙwayoyin cuta da suka kuɓuto daga hanji. Akwai kuma wasu da masanin Japan Toshio Ito ya bayyana a 1951, waɗanda a zaman lafiya aikinsu ajiye bitamin A ne. Idan rauni ya yi ta maimaituwa, sai su rikiɗe su shiga saƙa tabo. Ko bairos ne ya jawo raunin, ko giya, ko kitse, ta wannan hanya ɗaya ake isa ga ƙandarewar hanta.

Shawara da gwaje-gwaje

Shawara, wato ido da fata su yi rawaya, alama ce da ke da tushe uku. Wani lokaci jajayen ƙwayoyin jini ne ke fashewa fiye da kima, kamar a zazzaɓin cizon sauro mai tsanani da cutar sikila, hantar kuwa lafiyarta lau. Wani lokaci ƙwayoyin hantar ne suka kamu. Wani lokaci kuma bututu ne ya toshe da tsakuwa ko ƙari, sai fitsari ya yi duhu, bayan gida ya koɗe, jiki ya yi ta ƙaiƙayi. Maganin kowanne daban ne, na uku ma sau da yawa aikin fiɗa yake bukata, don haka babu wani jiƙo guda da zai zama maganin shawara. A jarirai kuwa, shawarar da ta wuce mako biyu tare da koɗaɗɗen kashi na iya nufin an haifi yaro da toshewar bututu, aikin gyaranta kuma ya fi nasara kafin kwana 60.

Gwajin ALT da AST yana nuna ƙwayoyin hanta na rauni, amma ba ya nuna ƙarfin da ya rage mata. Wannan sai a duba albumin da bilirubin da saurin daskarewar jini. Sikanin ciki na nuna girma da ƙari da ruwa. Don auna tabo akwai na'urar FibroScan, inda babu ita kuma akwai lissafin APRI, wanda ba ya bukatar komai sai sakamakon AST da adadin ƙwayoyin filatilet, gwaje-gwajen da kowane babban asibiti ke yi.

Ciwon hanta nau'in B

Wannan shi ne babban abokin gaba a Afirka ta Yamma. Baruch Blumberg ya gano alamar ƙwayar a jini a tsakiyar shekarun 1960, ya samu lambar yabo ta Nobel a 1976, ranar haihuwarsa kuma, 28 ga Yuli, ita ce ranar yaƙi da ciwon hanta ta duniya. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2024 ya ƙiyasta mutum miliyan 254 ne ke ɗauke da nau'in B a 2022, miliyan 50 da nau'in C, su biyun kuma sun kashe mutum miliyan 1.3 a shekarar. Kashi 13 cikin ɗari kawai na masu nau'in B aka gano ta gwaji. A Nijeriya, binciken ƙasa na 2018 ya samu ƙwayar B a kashi 8.1 cikin ɗari na 'yan shekara 15 zuwa 64, ƙwayar C kuma a kashi 1.1.

Shekarun da mutum ya kamu su ne ke yanke makomarsa. Baligi in ya kamu, fiye da kashi 95 cikin ɗari jikinsa kan kori ƙwayar. Jariri kuwa, 9 cikin 10 tana zama a jikinsu har girma. Mafi yawan manyan da ake gani da cutar a wannan yanki tun suna yara suka ɗauke ta, ko daga uwa wajen haihuwa, ko daga sauran yara ta gyambo da ƙuraje da rauni, ko ta ƙarfen da ya taɓa jinin wani. Ƙwayar tana rayuwa aƙalla kwana 7 a busasshen jini. Askar da aka yi wa yara da yawa kaciya da ita, da ƙarfen cire beli, da ƙaho, da tsaga, da almakashin mai yankan farce, da allurar da aka maimaita, duk hanyoyi ne. Wanzami yana da matsayi a al'umma, mutane kuma ba za su daina zuwa wurinsa ba, don haka abin da ya fi shi ne a jawo shi cikin aikin, ya riƙa amfani da sabuwar reza ga kowane mutum. Tana kuma yaɗuwa ta saduwa da ƙarin jinin da ba a tantance ba. Ba ta yaɗuwa ta gumi, ko musafaha, ko cin abinci a kwano ɗaya, ko shayarwa. Ware wa mai cutar kofinsa da tabarmarsa ba ya kare kowa, sai dai ya sa na gaba ya ɓoye sakamakonsa.

Allurar rigakafi ta samu tun farkon shekarun 1980. Taiwan ta fara yi wa jarirai a 1984, zuwa 1997 kuma aka wallafa cewa ciwon dajin hanta ya ragu a yaran ƙasar. A Gambiya an fara babban binciken rigakafin a 1986. Nijeriya ta sa allurar cikin jadawalin yara a 2004. Ana yin ta farko cikin awa 24 da haihuwa, sauran a mako na 6 da na 10 da na 14 cikin allurar haɗaka. Ta farkon ita ce ke tare ƙwayar da ta fito daga uwa, ita ce kuma aka fi rasawa: a 2022 kashi 18 cikin ɗari kawai na jariran yankin Afirka suka same ta, alhali a duniya kashi 45 ne. A inda mafi yawan mata ke haihuwa a gida, ba a kuma cika fita da jariri ba sai bayan suna, awa 24 kan wuce ba a ankara ba. Babu wani mataki ɗaya da zai rage mutuwar ciwon hanta a jikokin wannan zamani kamar kai allurar har ɗakin mai jego, da sa ungozoma ta zama mai sanar da ma'aikacin lafiya. A gwada kowace mai ciki a wurin awo, wadda ƙwayar ta yi yawa a jininta a ba ta tenofobir a watannin ƙarshe.

Wanda gwajin HBsAg ya nuna yana da ƙwayar fiye da wata shida, cutar ta zauna. Ba kowa ke bukatar magani nan take ba, amma kowa na bukatar bibiya. A Maris 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗaɗa sharuɗɗan farawa: wanda APRI ɗinsa ya wuce 0.5, ko adadin ƙwayar a gwajin jini ya wuce 2,000 tare da hawan ALT, ko yana da ƙanjamau ko nau'in C ko D, ko a danginsa an yi ciwon dajin hanta. Maganin shi ne tenofobir ko entekabir, ƙwaya ɗaya a rana. Yana danne bairos, yana ba tabo damar raguwa, yana rage haɗarin ciwon daji, amma da wuya ya kawar da ƙwayar baki ɗaya, domin tana ajiye ƙwafin kanta a cikin ƙwayoyin hanta. Galibi shan magani ne na tsawon rai, kuma yanke shi kwatsam na iya tayar da cutar da ƙarfin da zai kashe. Dole a yi gwajin ƙanjamau kafin farawa, a kuma riƙa duba ƙoda. Duk mai cewa zai wanke ƙwayar B daga jini cikin wata uku da wani haɗi, kuɗin mara lafiya da lokacinsa yake ci.

A 2024 Jihar Kano ta kafa dokar gwaji kafin aure, wadda ta haɗa da nau'in B da C. Amfaninta ya rataya ga bayanin da ke biyo bayan sakamako. Samun ƙwayar B ba dalilin fasa aure ba ne, tunda ana iya yi wa ɗayan allura uku ya samu kariya, a kuma kare 'ya'yan tun ranar haihuwa.

Nau'in C, da masu bin ruwa

An gano ƙwayar C a 1989, ta jini take yaɗuwa, ba ta kuma da rigakafi. Sai dai ana warkewa. Tun da sofosbubir ya fito a 2013, haɗa shi da daklatasbir na mako 12 yana warkar da fiye da kashi 95 cikin ɗari. Masar ta nuna iyakar abin da zai yiwu. Allurar maganin tsargiya da aka yi ta yi wa jama'a daga shekarun 1950 zuwa 1980 da sirinjin da ba a tsabtace ba ta bar kusan ɗaya cikin kowane baligi goma da ƙwayar. Ƙasar ta sarrafa maganin nau'in C a gida da arha, ta gwada kusan mutum miliyan 50 daga 2018 zuwa 2019, a Oktoba 2023 kuma ta zama ƙasa ta farko da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba matakin zinariya a hanyar kawar da cutar.

Nau'in A da E ta gurɓataccen ruwa da abinci suke shiga, galibi kuma sukan wuce da kansu. Amma E na kashe kusan ɗaya cikin mata biyar masu tsohon ciki idan ta yi tsanani. An gan ta a sansanonin Darfur a 2004, a Diffa da Ngala a 2017, duk inda gudun hijira ya tara mutane a kan ruwa kaɗan.

Funfuna, giya, magunguna da kitse

A 1960 talotalo kusan 100,000 suka mutu a Ingila bayan cin tunkuzar gyaɗa daga Burazil. Daga nan aka gano aflatoksin, gubar da wata funfuna ke zubawa a gyaɗa da masara idan fari ya same su a gona ko aka ajiye su da laima. Dafuwa ba ta kashe ta. In ta yi yawa tana kisa nan take, kamar a Kenya a 2004 inda mutum 125 suka mutu. In kaɗan-kaɗan ce, tana lalata ƙwayar gadon da ke tsare jiki daga ciwon daji, haɗuwarta da ƙwayar B kuma na ninka haɗarin sau da yawa. Abin damuwa shi ne gyaɗar da aka tsince saboda lalacewa ba zubar da ita ake yi ba, ita ce ke komawa ƙuli-ƙuli da miya a gidan mai ƙaramin ƙarfi. Wani bincike a Gini da aka wallafa a 2005 ya nuna cewa tsincewa, da shanya a kan tabarma har ta bushe sarai, da ɗora buhu a kan katako sun rage gubar a jinin mazauna ƙauyuka da fiye da rabi. Cibiyar IITA ta Ibadan kuma ta samar da Aflasafe, wanda ake watsawa a gona.

Giya, ta kwalba ce ko burukutu ko ogogoro, kan fara da tara kitse, wanda ke bajewa cikin makonni in an daina, sannan kumburi, sannan tabo. Maganinta dainawa ne ɗungurungum. A inda shan ta abin kunya ne, sai likita ya keɓe da mara lafiya kafin ya ji gaskiya.

Farasitamol ba ya cutarwa in bai wuce giram 4 a rana ba ga baligi mai lafiya, wato ƙwaya takwas. Haɗarin yana cikin haɗe-haɗen da ake ƙullawa a leda, inda mutum zai sha shi ta hanya biyu ko uku bai sani ba. Makarinsa, asetilsistin, ya fi aiki cikin awa 8. Uku daga magungunan tarin fuka na iya taɓa hanta, don haka mai shan su in ya ga amai ko rawayar ido ya koma asibiti a ranar. Jiƙo da tsimi da garin magani da ba a san adadi ko haɗinsu ba su ma ta jijiyar ƙofa suke shiga, mai ciwon hanta kuma shi ya fi kowa rashin ƙarfin ɗaukarsu.

Kitsen hanta mai tafiya da ƙiba da ciwon sukari ya kama kusan kashi 30 cikin ɗari na manyan duniya, yana kuma ƙaruwa a birane. Rage kashi 7 zuwa 10 cikin ɗari na nauyin jiki, da motsa jiki, da barin lemon kwalba, su ne ginshiƙin maganinsa.

Tsutsa da ƙurji

Nau'in tsargiya mai zama a jijiyoyin hanji yana zuba ƙwai da jini ke kwasowa zuwa rassan jijiyar ƙofa, tabo ya kewaye su. Ƙwayoyin hanta kan tsira, don haka mutum na iya zuwa da ƙatuwar saifa da aman jini alhali gwajin aikin hanta bai nuna komai ba. An san wannan sosai a gonakin ban-ruwa na Jazira a Sudan. Firazikwantel, miligiram 40 ga kowane kilo, yana kashe tsutsar. Ƙurjin amiba kuwa ya fi fitowa a ɓangaren dama, da zazzaɓi da ciwo ƙarƙashin haƙarƙari, metronidazol na kwana 7 zuwa 10 kan warkar da mafi yawa ba tare da an zuƙe ba.

Ƙandarewar hanta

René Laennec ne ya ba ta sunan sirosis a 1819. Tabo ya kewaye gudajin naman da ke ƙoƙarin tofowa, jini ya rasa hanya, aiki ya ragu. Mutum na iya shekaru a haka ba alama. Ranar da ciki ya tara ruwa, ko aka yi aman jini, ko hankali ya gushe, ko shawara ta bayyana, cutar ta shiga mataki na biyu, wanda in ba a yi wani abu ba tsawon rai a cikinsa bai cika wuce shekara biyu ba. Ko a nan, kawar da sanadin yana sauya lissafi: wanda ya fara tenofobir ko ya bar giya na iya farfaɗowa.

Ruwan ciki ana fara shi da rage gishiri zuwa kimanin giram 5 a rana. A lissafin a sa ɗunƙulen ɗanɗano da kanwa, domin su ma sodiyam ne. Sai sifironolakton miligiram 100 da furosemayid 40, a riƙa ƙarawa a hankali ana duba ƙoda. In ciki ya cika tam, a zuƙe, in an wuce lita 5 a mayar da albumin. Zazzaɓi ko ciwon ciki a mai ruwa na nufin a gwada ruwan a fara maganin ƙwayoyin cuta ba jinkiri. Diklofenak da ibufurofen haramun ne gare shi, suna kashe ƙoda suna jawo zubar jini. Farasitamol da bai wuce giram 2 ba ya fi aminci.

Kumburarrun jijiyoyin bututun abinci ana rage matsinsu da furofuranolol ko kabedilol, ko a ɗaure su da roba ta na'urar leƙen ciki. In sun fashe, ana so a leƙa cikin awa 12, ƙarin jini kuma a yi shi da awo, domin cika jijiya na ƙara zubar.

Gushewar hankali na farawa da barcin rana da rashin barcin dare, da mantuwa, da sauyin hali, har iyali su zaci taɓin hankali ne ko iska. Amoniya ce da hanta ta kasa tacewa ta isa ƙwaƙwalwa. Laktulos, a sha har a yi bayan gida mai laushi sau biyu ko uku a rana, yakan dawo da mutum hayyacinsa. Tsohuwar al'adar hana mai ciwon hanta nama da ƙwai da mai kuskure ce da ke ƙarasa shi da rama. Yana bukatar furotin giram 1.2 zuwa 1.5 ga kowane kilo, daga wake da awara da nono da kifi da ƙwai, da ɗan abin taɓawa kafin barci.

Ciwon daji da dashe

Ciwon dajin hanta shi ne na uku a kisa cikin cututtukan daji a duniya, ya kashe kimanin mutum 760,000 a 2022. A Turai da Amurka cutar tsofaffi ce. A Afirka kudu da Sahara magidanta ne 'yan shekara 30 zuwa 50 suka fi zuwa da ita, galibi kuma bayan ƙarin ya cinye hanta, lokacin da abin da ya rage watanni ne kaɗan. Hanyar kauce wa haka ita ce sikanin duk wata shida, tare da gwajin AFP ko babu shi, ga mai ƙandarewar hanta da mai ƙwayar B da ke cikin haɗari.

Ƙarin yana shan jini ne daga jijiya mai bugu, saɓanin lafiyayyen nama da ya fi dogara ga jijiyar ƙofa. Da wannan bambanci ake gane shi a hoton CT, da shi kuma ake bin jijiyar a zuba magani a toshe ta. Ƙaramin ƙari ana ƙona shi da allura mai zafi, ko a yanke sashen da yake. In ya bazu, akwai sorafenib tun 2007, da haɗin atezolizumab da bebasizumab tun 2020, waɗanda ke ƙara watanni amma tsadarsu ta fi ƙarfin yawancin iyalai.

Thomas Starzl ya yi dashen hanta na farko a Denba ta Amurka a 1963, ya samu nasara a 1967. A 1989 aka yi nasarar dasa wa yaro ɓangaren hantar mahaifiyarsa a Ostireliya. Ƙa'idar Milan ta 1996 ta iyakance dashe ga mai ƙari ɗaya da bai wuce santimita 5 ba, ko uku da kowanne bai wuce 3 ba. A Afirka, Masar da Afirka ta Kudu ne ke da tsayayyun cibiyoyi, masu hali daga Afirka ta Yamma kuma sukan nufi Indiya ko Masar. Kafin a sayar da gona don tafiya, ya kamata iyali su san cewa maganin hana jiki ƙin sabuwar hantar na tsawon rai ne, haka ma gwajin jininsa.

Wanda cutarsa ta wuce yanka da dashe yana da haƙƙin kulawa. Ana zuƙe ruwan ciki don ya samu numfashi, a ba shi mofin gwargwadon ciwonsa ana lura da hankalinsa, a yi maganin ƙaiƙayi da tashin zuciya, a kuma gaya masa da iyalinsa halin da ake ciki cikin ladabi. A wannan zama ne kuma ya dace a gwada matarsa da 'ya'yansa da 'yan'uwansa na ɗaki ɗaya, a yi wa marasa ƙwayar allura, masu ita a sa su cikin bibiya.